Indiana za ta iya kayar da Ohio State a Columbus kuwa?

Laraba, 20 ga Nuwamba, 2024

Nura (Bloomington): Assalamu alaikum jama'a. Jiya da dare kwamitin da ke zaɓar ƙungiyoyi 12 da za su shiga wasannin fitar da gwani na ƙwallon Amurka na jami'o'i ya sake fitar da jerinsa, Indiana tana nan a ta 5, Ohio State a ta 2. Ranar Asabar za a kara a Columbus, ƙarfe 12 na rana agogon gabashin Amurka, wato 6 na yamma a Najeriya da Nijar. Wasa 10 muka buga, 10 muka ci, kuma tun da makarantar nan ta fara ƙwallo ba ta taɓa cin wasa 10 a kaka ɗaya ba. Mun zuba maki 439, an zuba mana 138. Bara kuwa wasa 3 kacal muka ci cikin 12, aka sallami koci. Tambayata ɗaya ce, kuma ba na son amsar son rai: akwai hanyar da za mu bi mu ci wasan nan, ko dai mu fara lallashin zuciya tun yanzu? Baba Alhaji, na san kana gani, kada ka yi shiru.

Alhaji Garba (Columbus): Wa'alaikumus salam. Nura ɗana, tunda ka kira ni, ga ni. Rabon da Indiana ta ci Ohio State tun 1988. Reagan ke mulkin Amurka, Babangida yana Barikin Dodan, kai kuma ko zancen auren iyayenka ba a yi ba, balle naka zuwan duniya. An yi kunnen doki a 1990, daga nan sai duka, shekara da shekaru. Bara ma har gida muka je muku, 23 da 3. Ka zo ranar Asabar, akwai tuwo a gidana bayan wasa, za ka buƙaci abin da zai sanyaya maka rai.

Nura: Baba, tuwon na karɓa da hannu biyu. Amma yaran da suka sha dukan nan duk ba su nan. Koci Cignetti da mutanensa ya taho, 13 daga tsohuwar makarantarsa James Madison kaɗai, ban da waɗanda ya tsinto a wasu makarantu. Elijah Sarratt da Aiden Fisher da Mikail Kamara da D'Angelo Ponds ba su san wani abu wai shi tsoron Ohio State ba.

Alhaji Garba: Za su sani ranar Asabar, da yardar Allah.

Ɗanjuma (Kano): Ku yi haƙuri, ni ɗan Arsenal ne, Nura ne ya jawo ni nan da ƙarfin tsiya. Na kalli wasanku da Michigan, ban gane komai ba sai tsayuwa da talla. Wani ya taimaka mini a taƙaice. Sannan wasan ɗaliban jami'a har ya kai a yi masa wannan hayaniyar?

Anti Rabi (Indianapolis): Ɗanjuma, riƙe abu ɗaya kawai, sauran za su zo da kansu. Ƙungiyar da ke da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta matsa, a ba ta sabbin huɗu. In ta kai ƙwallo ƙarshen fili, shi ne tocdawun, maki 6, sai ƙarin 1 da bugun ƙafa. In ta maƙale kusa da gida, tana iya bugawa tsakanin sanduna ta sami 3. In kuwa ta maƙale da nisa, a dama ta huɗu sai ta ɗaga ƙwallon da ƙafa can nesa ta bar wa abokan karawa, shi ake ce wa fant. Mai jefa ƙwallo, kwatabak, shi ne kan komai. Batun hayaniya kuwa, filin Ohio State yana cin mutum sama da dubu 100, ya fi Wembley. Kocinmu ranar Asabar ɗin da ta wuce aka sabunta masa kwantaragi na shekara 8, dala miliyan 8 duk shekara. Sunan ne na ɗalibai.

Ɗanjuma: Dala miliyan 8! To Anti, Indiana ɗin nan su ne Leicester ta 2016 ke nan?

Anti Rabi: Kusan haka, in ka ƙara da cewa babu makarantar da ta kai mu shan kaye a tarihin manyan ƙungiyoyin jami'a, mu muka fara haye 700. Garin nan na ƙwallon kwando ne, kofin ƙasa 5 gare su a can. A wannan ƙwallon kuwa, rabonmu da kambun Big Ten, rukunin da muke ciki tare da Ohio State, tun 1967, shi ma raba shi aka yi da wasu.

Bashir (Atlanta): Ni fa ba na son ɓata muku biki, amma sai an faɗa. Wa Indiana ta ci? FIU. Western Illinois, 77 da 3, makarantar da ba ta ma cikin ajinku. Charlotte. Ku nuna mini ƙungiya ɗaya cikin goman nan da ke cikin jerin 25 na kwamiti yau. Babu. Da Louisville ya kamata ku buga a kakar nan, aka biya kuɗi aka soke wasan, aka kawo wanda za a yi wa 77. Georgia ta buɗe kaka da Clemson, ta je Alabama, ta je Texas, ta je Ole Miss, ta karɓi Tennessee, amma tana ta 10, ku kuna ta 5. Wannan ba adalci ba ne. Ku saka Indiana a SEC, rukunin su Georgia da Alabama, da wasa 6 za ta ƙare, in an yi mata alfarma.

Nura: Yaya Bashir, soke wasan Louisville kafin zuwan Cignetti aka yi, ba shi ya nema ba. Kuma ba mu muka zana jadawalin Big Ten ba. A farkon kaka da aka ga za mu kara da Michigan da Washington, waɗanda suka buga wasan ƙarshe na ƙasa a watan Janairu, babu wanda ya ce jadawalin yana da sauƙi. Sai da muka ci su sannan suka zama banza? Nebraska ta zo nan da wasa 5 a hannu, ɗaya kawai ta faɗi, muka yi mata 56 da 7. Sati ɗaya bayan nan ta je Columbus, da ƙyar da jiɓin goshi su Baba suka tsira, 21 da 17. Ƙungiya ɗaya ce, tsakanin kwana bakwai.

Alhaji Garba: Wannan wasan na Nebraska kar ka tuna mini shi, hawan jinina bai gama sauka ba.

Bashir: Lissafin wane ya ci wane ba ya aiki a ƙwallon jami'a, Nura. Da yana aiki, Vanderbilt ce zakara tunda ta ci Alabama.

Malam Isufu (Greensboro): Gafara dai jama'a. Ni ba na Indiana ba ne, ba na Ohio ba, amma mutumin nan Cignetti mun san shi a nan tun kafin ku san shi. Elon tana nan kusa da mu, ya riƙe ta 2017 da 2018. Kafin ya zo kashi suke sha duk kaka, yana zuwa shekarar farko ya kai su wasannin fitar da gwani. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne, yana ƙarƙashin Nick Saban a Alabama, har sun ɗauki kofin ƙasa a kakar 2009, ya ajiye wannan aikin ya tafi wata ƙaramar makaranta a Pennsylvania, IUP, inda mahaifinsa ya taɓa koyarwa, don kawai ya zama shi ne shugaba. Ya kusa shekara 50 a lokacin. Daga can Elon, daga Elon James Madison, kuma bai taɓa kammala kaka da faɗuwa ta fi nasara yawa ba. Shi ya sa da ya ce wa 'yan jarida shi mai cin wasa ne, su duba shi a Google, ni ban ɗauke shi cika baki ba. Yanzu shekararsa 63, ba yaro ba ne da zai rikice don ya ga taro.

Alhaji Garba: Malam Isufu, ba wannan kaɗai ya faɗa ba. Ranar da aka gabatar da shi a filin ƙwallon kwando ya karɓi makirufo ya ce Purdue ba komai ba ce, haka Michigan, haka Ohio State. Mutanen garin nan sun adana maganar. Baki shi ke yanka wuya.

Anti Rabi: To bari in amsa ainihin tambayar Nura, don na ga mun koma faɗan tarihi.

Hanya akwai, amma siririya ce, kuma ba ta hannun Sarratt mai cafke ƙwallo ko Rourke, kwatabak ɗinmu, ta fara ba. Ta ƙattin nan biyar da ke tsaye gaban Rourke ta fara. Duk wanda ya kalli wasan Michigan da idon basira ya ga abin da nake nufi. Mun tafi hutun rabin lokaci da 17 da 3, muka dawo kamar an ɗaure mu. Michigan ba ta canza wata dabara mai zurfi ba, ƙattinta na tsakiya ne kawai suka fara tura namu baya, Rourke ya rasa lokacin da zai duba fili, gudu da ƙwallo ya tsaya. Da ƙyar muka riƙe 20 da 15, a gidanmu, gaban mutanenmu. Kuma a satin ne muka rasa Drew Evans daga cikin biyar ɗin. Yanzu ku ɗauki wannan katangar ku kai ta gaban ƙattin tsaron Ohio State, Jack Sawyer da JT Tuimoloau da Tyleik Williams.

Sai maganar hayaniya, wadda ba a ba ta muhimmancin da ya kamata. Wasa uku kawai muka buga a waje. UCLA, fili ƙato amma rabinsa kujeru ne. Northwestern, a filin wucin gadi na bakin tafki da bai wuce mutum dubu 12 ba. Sai Michigan State, inda aka fara zuba mana 10 kafin mu farfaɗo. A Columbus mutum dubu 100 za su yi ihu duk lokacin da Rourke ya buɗe baki, ƙattin gaba ba za su ji umarninsa ba, sai dai su kalli ƙwallo su motsa. Wannan ɗan jinkirin na ƙiftawar ido ya ishi mai kawo farmaki ya wuce ka.

Abin da ke ba ni fata shi ne su ma katangarsu a lalace take. Josh Simmons ya ji rauni a gwiwa tun wasan Oregon, suka janyo Donovan Jackson daga ciki suka kai shi gefe. Jiya kuma Seth McLaughlin, mai miƙo ƙwallo daga tsakiya, jijiyar diddigensa ta tsinke a wajen atisaye, kakarsa ta ƙare. Tsaronmu kuwa a wajen tare gudu babu wanda ya fi mu a bana sai dai a yi kafaɗa da kafaɗa. In Kamara da su CJ West suka hana masu gudunsu Judkins da Henderson motsi, aka tilasta wa kwatabak ɗinsu Will Howard jifa sau da yawa, yana iya ba mu kyauta ɗaya ko biyu, ya yi hakan a Penn State. Wasan da za mu iya ci shi ne mai ƙarancin maki, irin 24 da 21, babu ƙwallon da ta suɓuce mana, babu shirme a wajen fant. In aka shiga tsere, sun fi mu dawakai.

Nura: Anti, ai a 2020 tseren muka yi da su kuma muka kusa. Penix, kwatabak ɗinmu na lokacin, ya jefa yadi 491 a filin nan, 42 da 35.

Anti Rabi: A filin da babu kowa, Nura. Shekarar korona ce. Kuma sai da aka yi mana 35 da 7 kafin mu fara bin baya.

Bashir: Masu hasashe dai sun ba Ohio State rata fiye da maki 10. Su ba su da son rai, kuɗinsu suke karewa.

Malam Isufu: Bashir, mu dai ba ruwanmu da 'yan caca. Amma in hasashensu gaskiya ne kullum, da Northern Illinois ba ta je South Bend a watan Satumba ta karɓi dala miliyan 1.4 na zuwa wasa sannan ta doke Notre Dame 16 da 14 ba. Da magoya bayan Vanderbilt ba su ciro sandunan fili sun kai kogi ba. Ita kanta Ohio State, Purdue ta yi mata 49 da 20 a 2018, Iowa ta yi mata 55 da 24 a 2017.

Alhaji Garba: Duka biyun a waje ne, Malam, kuma duka biyun mun je da raini. Wannan karon babu raini. In muka faɗi, mun yi bankwana da wasan ƙarshe na Big Ten da damar rama wa Oregon 32 da 31 ɗin nan da har yau ke ci mini rai. Kocinmu Ryan Day ya san kujerarsa ba ta da ƙwari, shekara uku a jere Michigan tana cin sa. An ce an kashe wajen dala miliyan 20 a kan yaran nan. Mai kuɗin ba zai saurari uzuri ba.

Nura: Yauwa, Baba ka faɗa da bakinka. Michigan ce a gabanku sati mai zuwa. Hankalin garinku duka yana can. Mu kuma hutun sati biyu muka samu, babu abin da muke kallo sai ku.

Ɗanjuma: Ni na ga wani Egbuka a cikin 'yan Ohio. Namu ne?

Alhaji Garba: Emeka Egbuka, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi kuma a jihar Washington ya tashi. Yaro mai natsuwa, yana cikin kyaftin-kyaftin ɗinmu. Kowa Jeremiah Smith yake kallo saboda sabon shiga ne mai abin mamaki, amma in ana neman yadi bakwai na dole, Emeka ake nema. Ka ga dalili ya samu, Ɗanjuma, ka dawo ɓangarenmu.

Nura: Kar ka yarda. In dangantaka ake bi, jami'ar da Farfesa Paul Newman ya yi shekaru yana aikin Hausa a cikinta, bayan zamansa a Bayero, ita ce tamu. Bakano ba shi da wata ƙungiya sai Indiana.

Ɗanjuma: To na tsaya a Indiana, amma in Emeka ya ci zan yi tafi a ɓoye.

Bashir: Tambayar da kuke gudu ita ce wannan: in aka lallasa ku da maki 20 ko fiye, kun cancanci shiga cikin 12? Ni na ce a'a. Alabama da Ole Miss da Georgia da Tennessee duk suna da faɗuwa biyu-biyu, amma kowacce ta ci babbar ƙungiya. Ku wasa ɗaya tak aka ba ku na gwaji. In kuka faɗi shi warwas, me za ku nuna wa kwamiti?

Anti Rabi: Wasa 11 da muka ci, in Allah ya sa muka wuce Purdue. Bashir, rashin faɗuwa a hannun ƙaramar ƙungiya shi ma aiki ne. Ole Miss ta kasa shi, Kentucky ta ci ta a gida. Alabama ta kasa shi. In faɗuwa ba ta da farashi muddin kana SEC, to a daina buga wasannin, a zauna a watan Agusta a raba gurabe da sunan makaranta.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Nura: TOCDAWUN! Lawton! 7 da 0! Yadi 70 muka taka su, Baba kana ina?

Alhaji Garba: Ina nan. Da sauran rana.

Nura: An tare su a dama ta huɗu, yadi biyu da gida! Wallahi yaran nan ba su zo da wasa ba.

Anti Rabi: Tsaro yana aikinsa. Amma ku duba Rourke, tun bayan zuwan farko bai sake samun sukuni ba. Sun fara turo masu farmaki ta tsakiya, namu ba sa ganewa sai an wuce su.

Ɗanjuma: Emeka ya ci. Na yi tafin a ɓoye kamar yadda na yi alkawari. 7 da 7.

Nura: Ba komai. Mu ɗaga fant mu tafi hutu a haka, na yarda.

Nura: Innalillahi. Ƙwallon ta suɓuce daga hannun mai fant.

Anti Rabi: Yadi 7 da gidanmu. Abin da na roƙa kar ya faru ke nan.

Alhaji Garba: Henderson. 14 da 7. A sha ruwa a dawo.

Malam Isufu: Har yanzu tocdawun ɗaya ne tsakani, kuma Indiana ce za ta fara karɓar ƙwallo. Kada a karaya.

Alhaji Garba: CALEB DOWNS! Yadi 79! Rabon da mu mayar da fant har gida tun 2014, kuma wancan ɗin ma Indiana aka yi wa. Nura, in sa a ɗora tuwon?

Bashir: 28 da 7. Ina Google ɗin?

Anti Rabi: Bashir, kafin ka yi nisa, leƙa Gainesville. Florida tana gaban Ole Miss.

Nura: 38 da 15. Amma tocdawun ɗin ƙarshen nan bai kamata ba. Saura daƙiƙa 35, Henderson da kansa ya zame ya kwanta a yadi ɗaya don a ƙare wasa cikin mutunci, sai Day ya sa a tura. Howard kuma ya je gefe yana kwaikwayon take sigari da ƙafa, don ana kiran kocinmu Cig. Wannan rashin ta-ido ne.

Alhaji Garba: Ɗana, ku kuka nemi ƙarin maki biyu bayan tocdawun ɗinku kuka kuma gwada ƙwace ƙwallo da gajeren bugu saura minti biyu. Wanda bai daina faɗa ba, ba ya cewa a daina dukansa. Kuma wanda ya ce ba mu da amfani a gaban jama'a, ai dole a ba shi amsa a gaban jama'a.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Anti Rabi: Na sake kallon wasan da safen nan ba tare da bugun zuciya ba. Maki 14 daga fant biyu suka fito. Tsaronmu ya tare su a bakin gida, ya ƙwace ƙwallo ɗaya, ya hana su gudu kusan duk wasan in ka cire na Henderson na ƙarshe. Wannan ɓangaren ya nuna zai iya zama da manya. Amma kar mu ɓoye a bayan fant. Rourke jifa 8 ya haɗa cikin 18, yadi 68, an kayar da shi sau 5. Duka-duka abin da muka tara bai wuce yadi 150 da 'yan kai ba, kuma kusan duka a zuwan farko da na ƙarshe ne. Tsakaninsu babu komai. Ƙungiyar da ta saba zuba 44 a wasa. Ko da mai fant ya riƙe ƙwallonsa, ban ga inda maki 24 ɗin da na ce muna buƙata za su fito ba. Ratar da ke tsakaninmu da su a ƙattin gaba take, kuma wannan ba a gyara ta da sauya sheƙar kaka ɗaya, sai an yi shekaru ana ɗaukar yara tun daga sakandare ana ciyar da su.

Nura: Ni ban yarda ba gaba ɗaya, Anti. In aka tafi hutu 7 da 7, filin zai yi sanyi, su za su fara jin tsoro, mu kuma ba za mu zama dole sai mun yi jifa ba. Farmakin da suka riƙa turowa sun samu zarafinsa ne don sun san ba mu da zaɓi.

Anti Rabi: Sun fara kayar da shi tun muna gaba da 7 da 0. Koma ka duba.

Malam Isufu: Ina Bashir ne? Tun jiya da dare ban ji ɗuriyarsa ba. Oklahoma 24, Alabama 3. Ko tocdawun ɗaya babu. Florida 24, Ole Miss 17. Auburn ma ta kayar da Texas A&M bayan ƙarin lokaci huɗu. Oklahoma da Florida ɗin nan kowacce da wasa 5 a hannu da faɗuwa 5 ta shiga fili.

Bashir: Ina nan, Malam, ban gudu ba. Abin da ya faru jiya hujjata ce, ba taku ba. A SEC ƙungiyar da ke tsakiyar tebur tana iya kayar da kowa, shi ya sa fita da faɗuwa biyu a can ya fi fita da ɗaya a jadawalin Indiana. Ku kawo Oklahoma Big Ten ku gani.

Nura: Yaya Bashir, in kun ci, SEC ce mai ƙarfi. In an ci ku, SEC ce mai ƙarfi. To yaushe ne za a ce kun faɗi?

Bashir: Ranar da Indiana ta ci ƙungiya ɗaya mai lamba a gaban sunanta, zo mu yi magana. Georgia da Tennessee suna nan, Texas tana nan.

Ɗanjuma: To yanzu an fitar da mu ko da saura? Ni har na fara sabawa da tallan.

Anti Rabi: Da saura. Alabama da Ole Miss yanzu faɗuwa uku-uku gare su, zai yi wa kwamiti wuya ya ɗora su a kan mai faɗuwa ɗaya, kuma ɗayan a gidan ta 2 a ƙasa. An tambayi Cignetti jiya ko har yanzu sun cancanta, ya ce shin da gaske ake tambayar, ba zai ma amsa ba. Ina sa ran ranar Talata za su sauke mu wajen ta 9 ko ta 10. Matsalar ita ce wanda ya ƙare a nan ba ya karɓar baƙi a zagayen farko, shi zai tafi gidan wani a watan Disamba, wataƙila Penn State ko Notre Dame ko Georgia, a sake shiga irin hayaniyar jiya. Kafin nan dai sai an ci Purdue ranar Asabar, kuma ba cin 20 da 15 ba. Wasa ɗaya suka ci a bana, kwamiti zai duba ratar.

Nura: Purdue a gidanmu, ga bokitin nan na gado, kofin da ake ba wanda ya ci wasanmu da su, da suka riƙe shekara uku. Cignetti a fusace yake, ba zai ɗaga ƙafa ba. Baba, tuwon jiya ya yi daɗi, a gaida Hajiya. Saura ku da Michigan.

Alhaji Garba: Za ta ji. Michigan ta bana da wasa 6 kacal a hannu, ba ta da mai jifa, kuma a filinmu? Wannan kam ko addu'arka ba na nema, Nura. Ka tanadi kuɗin mai, mu haɗu a Indianapolis ranar 7 ga Disamba ka ga yadda za mu yi da Oregon.